Maganin Ƙwaƙwalwa da Murɗewar Hanji: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan fitowar duk sun taru a kan cushewar ciki ga masu shan maganin larurar ƙwaƙwalwa. Likitan ƙwaƙwalwa da likitan tiyata da masanin haɗa magunguna, dukkansu a nan Zariya, su suka haɗu suka amsa. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 27 ne, shekara biyu ke nan yana shan Largactil da Artane, ana kuma yi masa allura duk wata. Alhamdu lillahi ya natsu. Sai dai yanzu yakan yi kwana biyar ko shida bai zaga ba, in ya shiga bayi kuma ya daɗe yana nishi. Maƙwabta sun ce basir ne, mun ba shi jiƙo iri-iri ba sauƙi. Ko maganin ne? Mu daina ba shi?
Wata uwa, Tudun Wada

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara masa lafiya. Mafi rinjayen zato maganin ne, amma kada ku tsayar da shi da kanku. Natsuwar da kika ambata da wuya aka same ta, kuma cushewar tana da gyara ba tare da an taɓa natsuwar ba.

Bangon hanji tsoka ce da ke matsewa tana saki, ta haka take tura abinci gaba. Wani sinadari mai suna asetilkolin ne ke kai wa tsokar umarnin matsewa daga jijiya, shi ne kuma ke sa yawu ya zubo, gumi ya fito, mafitsara ta matso fitsari. Largactil yana tare wa wannan sinadari hanya, Artane kuwa aikin da aka ƙera shi dominsa ke nan. Shi ya sa za ki ga bakinsa na bushewa, wataƙila ma yana gani dishi-dishi ko fitsari na yi masa gardama. Babban hanji, mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, yana karɓar wajen lita ɗaya da rabi na ragowar abinci mai ruwa-ruwa kullum, ya tsotse ruwan ya bar ɗan kaɗan. In tafiyar ta yi nawa, tsotsar ba ta tsayawa, sai bahaya ya bushe ya ƙanƙare. Basir ɗin da maƙwabta ke faɗa yana iya kasancewa, amma nishin ne ya haife shi, don haka jiƙonsa ba zai motsa hanjin ba.

Magungunan ba ƙarfinsu ɗaya ba a wannan fanni. Clozapine ne a gaba da nisa. Sai Largactil da Olanzapine da Quetiapine, da magungunan damuwa irin na da, wato Amitriptyline da Imipramine. Haldol da Risperidone da Aripiprazole sun fi sauƙi ga hanji. Haɗari ya fi yawa in an tara biyu ko uku, ko an ɗora musu Piriton, Phenergan, Buscopan, Tiramol, kodin ko ƙwayar ƙarin jini, waɗanda duk ana saye a kemis ba tare da an ambaci maganin ƙwaƙwalwar ba.

A kan Artane muke so ki tsaya da likitansa. Ana ba da shi ne don sandarewar jiki da karkarwa da murɗewar wuya ko harshe da allura kan jawo. Mutane da yawa ana fara musu shi ne a farkon jinya, sai a yi shekaru ana sake rubutawa ba wanda ya waiwaya ya duba ko har yanzu ana bukatarsa. Ki tambaya ko za a iya rage shi sannu a hankali. In aka yanke shi rana ɗaya yakan kawo tashin zuciya da gumi da rashin barci, sandarewar ma ta dawo.

Tunda ya kai kwana shida, a fara da kai shi a duba. Likita zai danna cikin, ya sa yatsa ta dubura ya ji ko bahaya ya daskare a bakin hanya. In haka ne, da ƙasa ake farawa: maganin cusawa na giliserin ko Dulcolax mai miligiram 10, wanda kan yi aiki cikin awa ɗaya, wani lokaci sai ma'aikacin jinya ya fasa da yatsa. Bayan hanya ta buɗe sai a tsara na kullum. Ga yadda aka saba ba babba: Senokot mai miligiram 7.5, ƙwaya biyu da dare, yana aiki bayan awa 8 zuwa 12. Ko Dulcolax na haɗiya, miligiram 5 zuwa 10 da dare. Lactulose mililita 15 safe da yamma, amma yakan ɗauki kwana biyu kafin a ga aikinsa, yana kuma tara iska. Movicol, in an samu, ƙunshi ɗaya a ruwa mililita 125, sau ɗaya zuwa uku a rana. Irin Fybogel mai kumbura a ciki ku bar shi. Hanjin da ba ya tafiya in aka ƙara masa kaya toshewa yake yi.

Sai abin da ke hannunki a gida. Ki rataye kalanda, duk ranar da ya zaga a yi alama. Lafiyayyen mutum yana tsakanin sau uku a rana zuwa sau uku a mako, amma ga mai shan waɗannan magunguna kwana biyu ba alama ya isa a motsa, kwana uku a ga likita. Ruwa leda huɗu zuwa biyar na fiya wata a rana, a ƙara a zafin Maris da Afrilu, sai fa in likita ya taƙaita masa saboda zuciya ko ƙoda. Abinci kuwa Bazazzagi ba sai an koya masa ba: faten tsaki da rama ko yakuwa, dambun zogale, wake, miyar kuɓewa, gwanda, kankana, lemu a ci har da totuwarsa. A rage burodi da farar shinkafa da taliyar leda. Ya riƙa tattaki na rabin awa, ko zuwa masallaci mai ɗan nisa ne, ya kuma saba shiga bayi bayan karin kumallo, lokacin da hanji ya fi motsi da kansa. Tsuguno ya fi zama a kan masai na kujera sauƙin fitarwa.

Tambaya: Yayana ɗan shekara 58 ya daɗe yana shan maganin taɓin hankali. Kwanan baya cikinsa ya kumbura, aka yi masa tiyata cikin dare, aka ce hanji ne ya murɗe har ya ruɓe. Sun yanke, sun fito da bakin hanji ta gefen ciki sun manna leda. Yaya hanji ke murɗewa? Maganin ne ya jawo? Kuma haka zai dawwama da ledar?
Wani magidanci, Sabon Gari

Amsa: Malam, sannu da jinya, Allah Ya ba shi lafiya. Kafin babban hanji ya kai dubura, a ƙasan ciki ta hagu, akwai wata gwiwa da likitoci ke kira sigimoyid, tsawonta kusan santimita 40 ga yawancin mutane. Ba a manne take da bayan ciki ba, tana rataye ne a jikin wani tantani, kuma ta cikin tantanin jijiyoyin jininta suke bi. In gwiwar ta yi tsawo, gindin tantanin kuma ya kasance siriri, ta yi nauyi da bahaya da iska, sai ta juya a kan gindinta, kamar yadda ake murɗe wuyan leda kafin a ɗaure. Juyin yakan kai rabin zagaye ko cikakke ko fiye.

Abu biyu ke faruwa a take. Mashiga da mafita sun rufe, ƙwayoyin cuta na ciki kuma ba su daina samar da iska ba, sai gwiwar ta yi ta kumbura. Jijiyoyin jinin su ma sun shaƙe: masu mayar da jini su ke fara rufewa, bango ya kumbura, sannan masu kawowa su tsaya. In murɗin ya yi tsanani, cikin sa'o'i kaɗan hanjin ya yi baƙi ya mutu, daga nan sai fashewa, ƙazanta ta malale cikin ciki ta shiga jini.

Game da dalili, gaskiyar ita ce wannan cuta ta yawaita a Afirka da Gabas ta Tsakiya da Indiya da Kudancin Amurka fiye da Turai, ta fi kama maza, kuma da yawansu ba su taɓa shan maganin ƙwaƙwalwa ba. Tsawon gwiwar halitta ce ga wasu. Amma likitocin tiyata sun daɗe da sanin cewa masu larurar ƙwaƙwalwa da masu ciwon karkarwa na tsufa da waɗanda suka daɗe a kwance suna cikin waɗanda ta fi samu. Shekaru na cushewa suna buɗa hanjin, su ja shi ya ƙara tsawo, tsokarsa ta saki. Don haka ga yayanka, maganin yana da hannu a bisa dukkan alamu, ta hanyar cushewar da ba a kula da ita ba.

Da an iso kafin hanjin ya mutu, akan zura bututu mai fitila ta dubura har wurin murɗin, a tura a hankali ya warware, iska da bahaya su fito da ƙarfi, a bar wata roba a ciki kwana ɗaya ko biyu. Wannan yana yin nasara a mafi yawan lokuta, sai dai ba ya hana dawowa: kusan rabi ko fiye sukan sake murɗewa. Shi ya sa ake ba da shawarar a yanke gwiwar a tsanake kafin a sallami mutum, a ɗinke bakin biyu a lokaci guda ba tare da leda ba. Iyalai da yawa in sun ga ciki ya sace sai su ƙi tiyatar su tafi gida, wannan kuskure ne babba, domin dawowar ta biyu tana iya zuwa da ruɓewa.

In hanji ya riga ya ruɓe, ko majinyacin ya galabaita, ɗinki a lokacin yana iya warwarewa ya zubar da ƙazanta a ciki, shi ya sa aka fito da bakin waje. Ga da yawa ledar ta wucin gadi ce, ana mayar da hanjin bayan wata uku zuwa shida in jiki ya murmure. Likitan da ya yi aikin ne zai yanke hukunci bayan ya duba ƙarfinsa. Kafin nan ku kula da fatar da ke kewaye da bakin: a wanke da ruwa mai ɗumi, a busar, a yanka ramin ledar daidai girman bakin don kada ƙazanta ta ci fatar. Bakin ja ne ko ruwan hoda in lafiya. In ya koma baƙi-baƙi, ko ya daina fitar da komai ciki na kumbura, a koma asibiti nan take. Kuma maganin da ya rage wa hanjinsa gudu bai daina ba don an yi tiyata, dole a zauna da likitan ƙwaƙwalwa a sake duba jerin magungunansa.

Tambaya: Maigidana yana shan Clozapine wata takwas ke nan, shi ne kaɗai ya yi masa aiki. Ya yi mako guda bai yi bahaya ba, sai kuma ga zawo ruwa-ruwa yana ɓata masa wando. Mai kemis ya ba mu Imodium. Yanzu cikinsa ya ɗan tashi, ba ya son abinci.
Wata malamar makaranta, Samaru

Amsa: Malama, an kira lambar da kika bari tun ranar da wasiƙar ta iso, muna buga amsar ne don masu irin halin. A dakatar da Imodium, a kai shi asibiti yau. Wannan ba zawon gaske ba ne. Busasshen bahaya ne ya tokare hanya, ruwan da ke bayansa yake tsiyayowa ta gefe. Imodium aikinsa tsayar da motsin hanji, an ba hanjin da dama ya kusa tsayawa.

Clozapine magani ne mai daraja, shi ake komawa gare shi in wasu biyu sun gaza, amma ba wanda ya kai shi kashe wa hanji jiki. Kusan mutum ɗaya cikin uku masu shansa suna kukan cushewa, kuma da aka auna tafiyar abinci a hanjin masu shansa a ƙasar Niyu Zilan, an samu wajen huɗu cikin biyar tafiyar ta yi nawa, da yawansu ba su ma san da matsalar ba. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta ja kunne a kan haka a Oktoban 2017, ta Amurka ta ƙarfafa nata gargaɗin a Janairun 2020. Iyalai sun san gwajin jini da ake yi duk mako a farkon shansa don duba fararen ƙwayoyin jini, amma kaɗan ne aka gaya musu batun bahaya, alhali shi ma yana kisa. Ra'ayinmu shi ne duk wanda aka fara wa Clozapine a haɗa masa da mai sassauta ciki tun ranar farko, ba sai ya yi kuka ba.

Ba kullum murɗewa ce ke faruwa ba. Wani lokaci hanjin kawai yake tsayawa cik ya cika da iska ba tare da wani abu ya tare shi ba, in faɗin farkon babban hanji ya haura santimita 12 ana tsoron fashewa. A gida ba mai iya bambance su, sai da hoto.

Abubuwa uku ki riƙe. Yawan maganin a jini yana hauhawa in mai shan sigari ya daina kwatsam, ko aka ba shi Ciprofloxacin, wanda ake rabawa barkatai da sunan maganin taifot, ko zazzaɓi mai zafi ya kama shi. A irin waɗannan lokuta a sanar da likita. Na biyu, in aka yi fiye da awa 48 bai sha ba, ba a komawa kan adadin da, ana sake farawa daga miligiram 12.5 a hau a hankali, in ba haka ba jini na iya faɗuwa ya yanke jiki. Na uku, maganin yana sa barci mai nauyi, in yana amai a kwantar da shi ta gefe kada aman ya koma huhu.

Tambaya: Me zai hana a yi amfani da filasko ko kanwa ko man zurma? Sun fi araha. Kuma ya batun azumi?
Wani ɗalibi, Ƙofar Doka

Amsa: Filasko dangin ganyen da ake yin Senokot da shi ne, aikinsu iri ɗaya. Matsalar ma'auni ce: tafin hannun wannan ba na wancan ba ne, kuma in ya zarce yana kawo murɗa da zawo mai kwashe gishirin fotashiyam daga jiki. Ƙarancin wannan gishiri yana ƙara kashe hanji, yana kuma rikita bugun zuciya, wanda wasu magungunan ƙwaƙwalwar dama suna taɓawa. Ga mai shan Lithium, wanda shi ma maganin ƙwaƙwalwa ne, zawo da ƙarancin ruwa suna sa maganin ya taru a jini ya zama guba. Kanwa da man zurma da ɗurar ruwan sabulu ta dubura ku bar su gaba ɗaya. Farafin na sha shi ma bai dace da mai yawan gyangyaɗi ba, yana iya sulalewa huhu. Kunun tsamiya ba laifi.

Azumi kuwa, a tambayi likita tun cikin Sha'aban don a tsara lokutan shan magani. A raba ruwan nan tsakanin magariba da sahur, a buɗe baki da dabino da ruwa da abu mai sauƙi, a dakata kafin babban abinci. Cika ciki lokaci guda bayan dogon yini yana cikin abubuwan da aka alaƙanta da murɗewar hanji. Wanda cikinsa ya riga ya cushe kwana uku, maganar rangwamen mara lafiya ta shigo, a tuntuɓi malami tare da bayanin likita.

Tambaya: Ina kula da ƙanena wanda ba ya yawan magana, ko ciwo yake ji ba ya faɗa. Ta yaya zan gane lokacin gudu asibiti ya yi, kuma wane asibiti?
Wata yaya, Wusasa

Amsa: Yaya, Allah Ya saka miki. Abin da kika lura da shi sananne ne: masu wannan larura sau da yawa ba sa kukan ciwo ko da abin ya yi nisa, maganin ma yana dusashe jin zafin. Don haka kada ki jira ya faɗa. Ki duba da ido: ciki ya tashi ya yi tauri, wando ya matse shi, ya ƙi abinci, yana amai, musamman kore ko mai warin bahaya, ya daina fitar da iska. Tambayar iskar nan, duk da nauyinta a baki, ita ce mafi amfani. Zazzaɓi, saurin numfashi, sanyin hannu, ƙarancin fitsari, ko sabuwar rikicewa da rashin natsuwa alamu ne na cewa abin ya yi nisa. Rikicewar nan ake yawan ɗauka tashin ciwonsa ne, a ƙara masa Largactil ya yi barci, hanji na mutuwa.

Ciki a kumbure, ba bahaya ba iska, ko da amai ko babu: kada a ba shi abinci ko ruwa ko wani mai sassauta ciki, domin tura hanjin da ya toshe na iya fasa shi. A nufi sashen gaggawa na asibitin da ke da tiyata, kamar Asibitin Koyarwa na Shika ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Ba ranar ɗaukar hanyar asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna ba ce, ba kuma ranar jiran kilinik ba. A tafi da kwalayen magungunansa duka, har da na kemis da na gargajiya, da katin allurarsa, da mutum biyu da za su iya ba da jini.

Da isa ki faɗi abu huɗu a jere: ranar da ya yi bahaya na ƙarshe, lokacin da ya daina fitar da iska, sau nawa ya yi amai da launinsa, da sunayen magungunansa. Ki ce kina tsoron toshewar hanji ne, ki roƙi likitan tiyata ya gan shi. Za a sa masa ƙarin ruwa, a zura roba ta hanci zuwa tumbi don zuƙe abin da ya taru, a sa robar fitsari don auna aikin ƙoda, a ɗebi jini, a ɗauki hoton eksire na ciki, wani lokaci da hoton Siti, wato na na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla. Maganin ƙwaƙwalwarsa likitoci za su dakatar ko su sauya a lokacin, ki rubuta ranar da awar da ya sha na ƙarshe ki ba su. Kafin sallama ki tabbata likitan ƙwaƙwalwa ya zo ya gan shi a gadon, an rubuta sabon tsarin magani da mai sassauta cikin da zai ci gaba da sha, an kuma sa ranar dawowa ga ɓangarorin biyu.